Wa ke kula da ɗan kokowa in ya faɗi?

Mu mutanen Gidan Sori, bayan kaka, in hatsi ya shiga rumbu, ba abin da ke tara mu kamar kokowa. Da ganga ta tashi, yaro da babba kowa sai fili.

Amma akwai wani dare da har yau bai bar zukatanmu ba. Wani saurayinmu, wanda munka sa ran wata rana zai wakilci jahar Maraɗi, ya faɗi kan gwiwa. Munka zuba mai ruwa, wani ya ja ƙafar, munka ce tashi, namiji ba ya raki. Ya tashi ya sake kamawa. Daga ranar bai ƙara ɗaura ɗamara ba, yanzu ko noma da ɗingishi yake yi. Ba mugunta munka yi ba, rashin sani ne.

Tun 1975 da anka fara gasar takobi a Tawa, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya zama sarki, muke alfahari da ƴan kokowarmu. Jaha takwas, kowace da ƴan kokowa goma. Muna sanin sunan makaɗi da na mai ba da asiri, amma wa ya san sunan mai duba jikinsu?

To, wannan ma sana'a ce, ana karatunta. Mai ita ke sa ɗan wasa ya ɗumama jiki kafin ya shiga, ya sha ruwa lokacin zafi. In an faɗi, shi ke rarrabe targaɗe da gocewar ƙashi da karaya. Targaɗe hutu yake so, da sanyi, da ɗauri, a ɗaga ƙafar sama. Wanda kansa ya bugu har ya ga jiri, ba ya komawa fili ranar, sai likita ya gan shi. Babban aikinsa shi ne ya iya cewa a'a, ko da gari duka na ihu.

Ba mu raina maɗoranmu ba, sun taimaki kakanninmu. Sai dai jijiyar gwiwa in ta tsinke, ɗori ba ya haɗa ta.

Yaranmu na lakkol, ga hanya. A Yamai akwai makarantar INJS da ke horar da malaman wasanni, akwai kuma makarantun kiwon lafiya. Wanda bai kai can ba, ƙungiyar Croix-Rouge na koyar da taimakon gaggawa. Ba za mu ruɗe ku ba, aikin bai kawo kuɗi da wuri. Amma ƙungiyoyin ƙwallo da na kokowa duk suna buƙatar irinku.

Iyaye, in ɗanku ya ce wannan yake so, kar ku ce wasa ne. Mu dai mun yanke shawara: bana ba a buga ganga a filinmu sai akwai wanda ya koyi taimakon gaggawa zaune a gefe. Ku fa, a garinku wa ke wannan aiki?