Lissafin Abin da Ba a Gani

Lokacin da muke karatun fiziks a Samaru, Zariya, na'urar nukiliya ta Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ba ta daɗe da fara aiki ba, domin a 2004 aka kunna ta. 'Yar ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, ƙarfinta kilowat 30. Sai dai yuraniyam ɗin cikinta an tace shi ya kai kashi 90 cikin 100, irin wanda ake haɗa bam da shi. Shi ya sa, ko da yake bai wuce kimanin kilo 1 ba, sufetocin hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, suna biye da lissafinsa.

Mu ɗalibai ba mu taɓa sa shi a ido ba, yana can kulle ƙarƙashin ruwa. Abin da ke hannunmu kwamfuta ce da manhajar MCNP. Sai ka siffanta mata cikin na'urar da lambobi, sanda bayan sanda, ka sako mata miliyoyin nutiron na ƙarya, ta bi sawun kowanne. Bayan isha'i ake barin ta tana aiki, a kwanta ana addu'ar kada a ɗauke wuta.

Namu ma mai sauƙi ne, tunda sandunan yuraniyam suna ƙirguwa. A masana'antar Rokkasho ta Japan, wadda aka tsara za ta riƙa sarrafa tan 800 na tsohon makamashi a shekara, fulutoniyam narkewa yake cikin asid, yana zagaya bututu da tankuna. Kusan tan 8 ke nan a shekara. Kuskuren awo na kashi 1 kacal kilo 80 ne, alhali a ma'aunin IAEA kilo 8 ya isa bam. Wanda ya taɓa auna buhun gero da mudu sau biyu ya san ba ya fitowa daidai. To, yaya za a bambance zubewa da sata? A 1994 an tarar kusan kilo 70 ya maƙale cikin injinan wata masana'anta a Tokai ta Japan, ba wanda ya ɗauka. Don haka ake gina masana'antar tukuna cikin kwamfuta, a cusa mata ɓarawon ƙarya mai ɗiba kaɗan-kaɗan, a ga ko ma'aunan za su kama shi, da kuma bayan kwana nawa.

Irin wannan gwajin cikin kwamfuta aka fara yi wa na'urar Zariya shekaru kafin a sauya mata makamashi. A 2018 aka sa mata makamashi mai kashi 13, tsohon kuma aka mayar da shi Sin a jirgin sama.