Sunan Washington: Daga Ƙauyen Durham Zuwa Gidajen 'Yantattun Bayi

A ƙidayar jama'ar Amurka ta shekarar 2000, mutum 163,036 aka samu suna amsa Washington a matsayin sunan zuri'a, kuma kashi 90 cikin ɗari daga cikinsu baƙaƙen fata ne. Duk cikin sunayen da suka yaɗu a ƙasar babu wanda ya karkata ga baƙar fata kamar wannan. Ƙidayar 2010 ta samu mutum 177,386, kason baƙar fata kuwa bai sauka ƙasa da kashi 87 ba. A can Ingila, inda aka yanke wa sunan cibiya, masu amsa shi ba su wuce 'yan dubbai ba, har mutum kan yi shekaru a Landan bai gamu da ko ɗaya daga cikinsu ba. Wani abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne, George Washington, wanda ta dalilinsa duniya ta san sunan, ya rasu a 1799 bai bar ɗa na cikinsa ko guda ba. To, daga ina waɗannan dubban mutane suka samo shi?

Asalin kalmar sunan wuri ce. Akwai wani tsohon ƙauye a arewa maso gabashin Ingila, kusa da kogin Wear, tsakanin Sunderland da Newcastle, wanda tsofaffin takardu ke rubutawa Wessyngton. Masana sunayen wurare suna fassara shi da gandun mutanen wani mutum, domin a tsohon Ingilishi ƙarshen kalmar, wato tun, yana nufin gona ko matsuguni, gaɓar ing da ke tsakiya kuma tana danganta wurin ga mai shi ko ga jama'arsa. Akwai wani ƙauyen mai irin wannan suna a Sussex, can kudu, amma gidan da ya yi fice daga na arewa ya fito.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan laƙabi. Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Gumi da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk da sunayen garuruwa aka san su. Haka Ingilishi suka yi bayan Normandawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066: masu ƙasa suka fara liƙa sunan gandunsu a bayan sunan yanka, talakawa kuma suka biyo baya da sunan sana'a, ko na uba, ko na wata kama ta jiki. Bambancin shi ne, a Ingila laƙabin ya daskare ya zama gado. Kafin ƙarshen ƙarni na 14 yawancin gidaje sun riƙe suna ɗaya, har jikan Smith ya ci gaba da zama Smith ko da bai taɓa riƙe guduma a maƙera ba. Nan ne kuma ake gane dalilin ƙarancin wasu sunaye. Kowane gari yana da maƙeri, saboda haka Smith ya tsiro a wurare dubu lokaci guda. Sunan ƙaramin ƙauye kuwa gida ɗaya ko biyu ne suka ɗauke shi, rayuwarsa kuma ta rataya a kan ko za su haifi 'ya'ya maza.

Takardar farko da ta nuna wannan gida ita ce kundin Boldon, wanda Bishop na Durham, Hugh de Puiset, ya sa aka rubuta a 1183 domin sanin abin da ke shigowa daga filayensa. A ciki an rubuta cewa wani William de Hertburn yana riƙe da Washington a musayar garinsa na Hartburn da ya bar wa bishop, yana biyan fam huɗu, kuma wajibi ne ya halarci babbar farautar bishop da karnuka biyu. Da ya sauya gandu sai ya sauya laƙabi, ya koma William de Wessyngton. Da musayar ba ta auku ba, da wataƙila babban birnin Amurka Hartburn ake ce masa yau.

Zuri'ar ta zauna a gandun fiye da shekara ɗari biyu. A ƙarshen ƙarni na 14 babban reshenta ya ƙare a kan 'ya mace, dukiyar ta bi ta zuwa gidan mijinta, sunan kuwa ya tsira ne ta hannun ƙannen da suka riga suka yi ƙaura zuwa Lancashire. Daga wannan ƙaramin reshe Lawrence Washington ya fito, attajirin da ya yi arziki da cinikin ulu har ya riƙe muƙamin magajin garin Northampton sau biyu. Lokacin da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen 'yan zuhudun Kirista ya ƙwace filayensu, Lawrence ya sayi gandun Sulgrave daga hannun masarauta a 1539. Ya gina gida, aka sassaƙa tambarin zuri'ar a saman ƙofa: layuka biyu a kwance, da taurari uku a samansu. A launi, ja ne a kan fari.

Siyasa ce ta kori sunan daga Ingila. Wani Lawrence ɗin, daga jikokin na farko, ya yi karatu a Oxford ya zama limamin cocin Purleigh a Essex, coci mai kyakkyawan samu. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa, ya goyi bayan sarki. A 1643 majalisa ta tsige shi, ta kuma haɗa masa da tuhumar yawan zama a mashaya, tuhumar da aka yi ta jifan limaman ɓangaren sarki da ita a wancan zamani. Ya ƙare kwanakinsa cikin talauci. Ɗansa John, ganin babu gadon da zai jira, ya shiga fataucin taba ta teku. A 1657 jirgin da yake aiki a ciki ya maƙale a kogin Potomac da ke Virginia. John bai koma gida ba. Ya auri Anne Pope, 'yar wani mai gandu, surukinsa ya ba su eka 700. John ya haifi Lawrence, Lawrence ya haifi Augustine, Augustine ya haifi George a 1732.

Shi George ɗin bai damu da wannan salsala ba. A 1791 Sir Isaac Heard, babban jami'in da ke kula da tamburan zuri'o'i a Ingila, ya rubuto masa yana neman bayanin kakanninsa. George ya amsa cewa lamari ne da bai ba shi muhimmanci ba, sai dai ya sha ji cewa danginsa sun fito daga ɗaya daga cikin lardunan arewacin Ingila. Amma bai yar da tambarin ba: yana kan hatiminsa da kayan azurfarsa da jikin littattafansa.

Abin da George ya gada daga John, baya ga suna, shi ne noma da hannun bayi. Yana ɗan shekara 11 ya gaji bayi goma daga mahaifinsa. A shekarar da ya rasu, mutum 317 ne ke bauta a Mount Vernon. Daga cikinsu 123 nasa ne na kansa; 153 na dukiyar mijin Martha na farko ne, doka ba ta ba shi ikon 'yanta su ba; sauran na haya ne. Ya bar wasiyyar a 'yanta nasa bayan rasuwar matarsa, ita kuwa Martha ba ta jira ba, ta sallame su ranar 1 ga Janairun 1801.

A nan ne mutane da yawa kan yi saurin yanke hukunci, su ce baƙaƙen Washington na yau zuri'ar waɗannan bayi ne, tun da bawa sunan ubangidansa yake ɗauka. Lissafin bai fita ba. Mutum ɗari da 'yan kai ba za su cika ƙasa da mutum dubu ɗari da hamsin masu suna ɗaya ba, balle ma yawancinsu ba su ɗauki sunan ba. Bayin Mount Vernon da tarihi ya adana cikakkun sunayensu suna da nasu: William Lee, wanda ya raka George fagen yaƙi; Ona Judge, wadda ta gudu daga gidan shugaban ƙasa a Philadelphia a 1796 ta ƙi dawowa; Christopher Sheels; Caroline Branham. Iyayengiji sukan rubuta bawa da suna ɗaya tak a littafin lissafi, amma a tsakaninsu bayin suna riƙe da sunayen zuri'a da ubangida bai sani ba, ko bai ga dalilin rubutawa ba.

Cikin 'yan tsirarun da aka sani da sunan akwai Harry Washington, kuma labarinsa ya taɓo Afirka ta Yamma. An kamo shi daga yankin kogin Gambiya, George ya saye shi a 1763, ya zama mai kula da dawakai. A 1776, shekarar da ubangidansa ke jagorantar yaƙin neman 'yanci daga Birtaniya, Harry ya tsere ya shiga rundunar Birtaniya, domin ita ce ta yi wa bayin 'yan tawaye alkawarin 'yanci. Bayan yaƙi aka kwashe su zuwa Nova Scotia a 1783, daga nan ya shiga ayarin da ya sauka a Saliyo a 1792 ya kafa Freetown. A 1800 ya shiga boren da mazauna suka yi wa kamfanin da ke mulkin wurin a kan harajin fili da ikon zaɓen alƙalansu, aka murƙushe su, aka kore shi daga garin. Ubangida da bawa duk sun yi wa hukumar Birtaniya tawaye a kan haraji. Ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi.

Ba a musun cewa wasu sun samo sunan daga iyayengijinsu. 'Yan'uwan George da danginsa na nesa sun mallaki bayi a Virginia da wasu jihohin kudu. A Tennessee wani Joseph Washington ya kafa gandun taba, ya raɗa masa tsohon sunan ƙauyen Durham, Wessyngton, kuma a 1860 bayi 274 ne ke aiki a cikinsa. Da yawa daga zuri'arsu suna amsa Washington har yau. Amma babban kaso ya zo ne ta hanyar zaɓi.

Ga yadda abin ya kasance. A ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba. An jera su ƙarƙashin sunan mai su, da shekaru da jinsi da launin fata kawai. A 1865 aka haramta bauta, mutum kusan miliyan huɗu suka wayi gari suna bukatar cikakken suna domin ɗaurin aure a hukumance, da kwantiragin aiki, da rajistar zaɓe, da fanshon soja. Ƙidayar 1870 ce ta fara rubuta su da sunayensu. Wasu sun riƙe sunan tsohon ubangida, sau da yawa ba don ƙauna ba, sai don dangin da aka sayar zuwa nesa su san inda za su neme su. Wasu suka kira kansu Freeman, ma'ana 'yantacce. Wasu kuma suka miƙa hannu ga sunan da ya fi kowane suna nauyi a ƙasar.

Booker T. Washington ya ba da labarin nasa a littafin tarihin rayuwarsa na 1901. An haife shi bawa a Virginia a 1856. Ranar da ya fara zuwa makaranta ya ji malam yana kiran yara da suna bibbiyu, shi kuwa Booker kawai ya sani. Da aka zo kansa sai ya ce Booker Washington, ya kuma zauna a haka. Washington ne sunan yankan mijin mahaifiyarsa, abin da ke nuna cewa tun zamanin bauta ana raɗa wa yara sunan. Daga baya ya ji cewa mahaifiyarsa ta sa masa Taliaferro tun yana jariri, ya mayar da shi tsakiya.

Me ya sa Washington, mai bayi, ba Lincoln ba, wanda ya sa hannu a takardar 'yanci? A ƙidayar 2000 kashi 14 kacal na masu amsa Lincoln ne baƙaƙe, alhali Jefferson, wani mai bayin, ya kai kashi 75. Ana ambaton wasiyyar George a matsayin dalili, kuma tana da tasiri. Ana kuma lura da cewa a kudun da aka ci da yaƙi, amsa sunan Lincoln neman rigima ne da maƙwabta masu bindiga, sunan Washington kuwa babu farar fatar da zai iya zaginsa. Fassarar da ta fi gamsarwa ita ce wadda ta ɗauki zaɓin a matsayin da'awa. A 1857 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Wanda ya tsaya gaban magatakarda shekara goma bayan haka ya ce sunansa Washington, yana shaida wa hukuma ne cewa shi ma ɗan gida ne, ba ɗan rakiya ba.

Ƙarni guda bayan nan wasu suka ga akasin haka. Malcolm Little ya yar da sunansa ya sa harafin X a gurbin sunan Afirka da aka raba kakanninsa da shi, Cassius Clay kuma ya zama Muhammad Ali a 1964, su biyun suna kiran tsofaffin sunayensu sunayen bauta. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ba ta hau kan kowa daidai ba. Wanda kakansa ya zaɓi suna da bakinsa a ranar farko da doka ta ba shi damar zaɓe, yar da sunan yar da shawarar kakan ne.

Ingila ta waiwayi sunan ne bayan ya yi daraja a waje. A 1914 aka sayi gidan Sulgrave da kuɗin gudummawa domin tunawa da shekara ɗari na zaman lafiya tsakanin ƙasashen biyu. Tsohon gidan Washington na arewa, wanda ya lalace har ya zama gidan hayar talakawa, an gyara shi da taimakon Amurkawa, kuma Shugaba Jimmy Carter ya ziyarce shi a 1977. Ƙauyen kansa ya narke cikin sabon garin da aka tsara a 1964.

A 1938 birnin Washington ya ɗauki jajayen layuka biyu da taurari uku na zuri'ar Durham ya mayar da su tutarsa. Ranar 2 ga Janairun 1975 aka rantsar da zaɓaɓɓen magajin garin birnin na farko cikin fiye da shekara ɗari. Haifaffen Georgia ne, tattaɓa-kunnen bayi, sunansa Walter Washington.