Ƙarfin moter daga ciki yake

Wani makanike a Maradi ya karɓi aikin sabunta moter ɗin Peugeot 504 domin tsere. Mai motar ya so a canza piston kaɗai, don rage kashe kuɗi. Makaniken ya ƙi.

Ya ce: "Alhaji, in moter na juyi 6.000 a minti, kowane piston yana kai da komowa sau 100 a daƙiƙa. Biyel ce ke ɗaukar wannan wahala. Tsohuwa in ta karye, huda moter za ta yi, dukiyarka ta salwanta."

Alhaji ya yarda. Aka sa sababbin biyel huɗu na ƙirarren ƙarfe, bayan an auna su nauyinsu ya daidaita.

Ƴan uwa masu motoci, araha ba ta ado.