Harafi ɗaya tsakanin amana da rigima

1/ Masu koyon Python, ku matso. Akwai harafi ɗaya da ya kamata ka sani kafin ka fara ajiye lissafin kuɗin mutane a fayil: "a".

2/ Ni ke riƙe wa Hajiyarmu lissafin adashen matan unguwa. Duk wadda ta kawo zubi, ɗan shirin da na rubuta yana ƙara layi ɗaya: rana, suna, kuɗi. Ranar kwasa, wannan fayil ɗin shi ne shaida. In ya ɓace, sai a koma rantse-rantse.

3/ In ka rubuta open("adashe.txt", "w"), da buɗewar fayil ɗin ya share duk abin da ke ciki, tun ba ka sa ko harafi ɗaya ba. Ba ya tambayarka, kuma ba za ka same shi a kwandon shara ba. Zubin wata shida ya tafi ke nan.

4/ Amma "a" ƙarshen fayil yake zuwa ya ɗora sabon rubutu, na baya yana nan daram. In ma babu fayil ɗin, shi zai ƙirƙiro shi.

5/ Ka kula, write() ba ya sauka sabon layi da kansa. Sai ka sa "\n" a ƙarshe, in ba haka ba zubin jiya da na yau su manne wuri ɗaya.

6/ Mu Hausawa akwai namu na daban: ka sa encoding="utf-8". In babu shi, a Windows suna mai ƙ ko ɗ yana iya tsayar da shirin cak.

7/ Ka riƙa buɗewa da with, don ya rufe fayil ɗin da ka gama. Rubutu kan ɗan tsaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta kafin ya sauka, kuma kun dai san halin wutarmu.

8/ Abin da ya sa nake son "a", irin tsarin Hajiya ne a littafinta. Ba ta goge layi. In an yi kuskure, sai ta rubuta gyara a ƙasa, kowa ya ga na farko ya ga na biyu. Shi ya sa mata ke ba ta kuɗinsu hankali kwance.

9/ Don Allah, kafin ka danna shirinka a kan lissafin wani, gwada shi da fayil na banza tukuna, sau biyu a jere. In ka ga layi biyu, bismilla. In ɗaya ka gani, koma ka duba harafin nan.