Yini Guda a Jirgin Dau: Abin da Uwargida Za Ta Tambaya a Zanzibar

Duk wadda hutu ya kai ta Zanzibar da yara, za a yi mata tallar fita teku a dau, jirgin katako mai filafilin yadi da iska ke turawa. Hotunan duk iri ɗaya ne: farin yashi, shuɗin ruwa. Bambancin yana wurin lokaci da matuƙi.

Fara da iska. Daga Disamba zuwa Maris iskar Kaskazi ke kaɗawa daga arewa maso gabas. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa Kusi ce, daga kudu, ta fi ƙarfi, kuma da rana igiyar ruwa na tashi. Mai ƙananan yara ta fita da safe. Afrilu da Mayu daminar Masika ce, ruwan sama kan ɓata shiri.

Sai cikar teku da janyewarsa, abin da mu 'yan tudu ba mu saba lissafawa ba. Tsibirin yashi na Nakupenda, kusa da Stone Town, yakan fito ne idan ruwa ya janye, ya nutse idan ya cika. Lokacin kuma yana matsawa kusan minti 50 kowace rana. Don haka tambayi matuƙi ƙarfe nawa ruwa zai janye ranar da kika zaɓa, kafin ki biya.

A ganina masu yara 'yan ƙasa da shekara shida su zaɓi tsibirin Changuu: kusan rabin awa ce daga gari, akwai inuwa, ga manyan kunkuru da aka kawo kakanninsu daga Seychelles a 1919. Tafiyar yini cur zuwa gaɓar Menai daga ƙauyen Fumba ta fi kyau, amma rana na dukan yaro tun hantsi har la'asar.

Kada ki yarda da “akwai rigunan ceto”. Ce a nuna miki na yara, ki sa wa kowa tasa tun a bakin gaɓa. Rigar babba takan zame ta kan yaro a cikin ruwa. Idan jirgin ya cika maƙil, ki jira wani.

Abinci ba matsala, yawancin mutanen tsibirin Musulmi ne. Sai dai wasu jiragen kallon faɗuwar rana suna raba giya, ki tambaya tukuna. Ki riƙe ruwan sha, hula, da 'yar citta saboda tashin zuciya.