Birkin Akori-kura da Gangaren Hawan Kibo

Birnin Jos yana bisa tudu ne, kimanin mita 1,200 sama da teku. Saboda haka duk wanda ya yi lodi a can ya nufi Akwanga, dole ya gangara Hawan Kibo, cikin Ƙaramar Hukumar Riyom, inda kwana ke bin kwana, motoci kuwa sun sha ƙwacewa da mutane a ciki. A wannan wuri birki ake tambaya, ba a tambayar ƙarfin inji.

Akwai wani dattijo a Tudun Wada mai akori-kura ƙirar Toyota Hilux, wanda ke ɗaukar dankalin Turawa da kabeji daga kasuwar Farin Gada, sau da yawa har da mai kayan a gefensa. Da damina ta kusa, sai ya ji sitiyari yana rawa a hannunsa duk lokacin da ya taka birki, ga kuma wani ƙugi daga ƙafar gaba. Makanike ya kwance taya, aka tarar takalman birki sun cinye har ƙarfe, faifan kuma ya yi zane kamar kunyar gona.

Makaniken ya ce, "Baba, a sa sababbin takalma, faifan kuwa a kai wa mai inji ya kankare shi ya yi sumul. Kuɗi kaɗan ne."

Shawara ce mai daɗin ji, kuma ba kullum take zama kuskure ba. Amma masu ƙera faifai sukan buga wani adadi a jikinsa, watau iyakar kaurin da bai kamata ya gaza ba. Dattijon ya sa aka goge tsatsa, aka nemo lambar, aka auna. Ashe faifan yana gab da iyakar tun kafin a taɓa shi. Aikin birki kuwa shi ne mai da gudun mota ya koma zafi, faifan ne ke shanye zafin nan ya watsar. In ya yi siriri sai ya yi saurin ɗaukar wuta, takalmi ya daina kamawa, direba yana taka feda mota tana ci gaba da tafiyarta. A titin cikin gari ba lalle a gane ba. Da buhu ashirin a baya, a tsakiyar gangare, nan ake ganewa.

Sai ya nufi Dilimi, inda 'yan sifiya suke. Aka jera masa kaya kala uku. Ga 'yan Baljiyam, waɗanda aka ciro daga motocin Turai, ƙarfe mai kyau amma wani ya riga ya ci rabin kaurinsa. Ga sababbi cikin kwali mai ƙyalli, da sunan babban kamfani a kai, farashinsu kuwa ya yi arha har ya ba da tsoro. Ga kuma masu tsada. Kwali dai ba shaida ba ne, kowa na iya buga shi. Abin da ya yi shi ne ya tafi da tsohon faifan da lambar motarsa, ya gwada faɗi da ramukan noti, ya ɗaga ya ji nauyi, ya duba ko an buga iyakar kauri a jikin sabon. Wanda ba a buga ba, ya ajiye.

Wajen takalma, mai shagon ya yaba masa na tangaran, ya ce ba su da ƙara, ba su ɓata taya da ƙura. Gaskiya ne, amma wannan ado ne na motar zuwa ofis. Ya zaɓi masu gaurayen ƙarfe, domin sun fi jure zafi ƙarƙashin lodi, ko da yake sukan yi ɗan kuka, kuma sun fi cin faifai. Ya sayi na ƙafa biyu gaba ɗaya, gama in aka canja gefe guda mota takan fizga gefe yayin tsayawa.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba shi ne man birki. Irin wanda ake kira DOT 3, in sabo ne ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma yana shan laima, in ya tsufa yana iya tafasa tun daga wajen 140. Ya sa aka zubar da tsohon duka. Ya kuma hana yaron gareji hure ƙurar gangar baya da baki, don wasu takalman har yanzu ana zargin akwai asbestos cikinsu, abin da Tarayyar Turai ta haramta tun 2005 saboda cutar huhu.

Kuɗin ya cinye ribar sawu da dama, har gyaran rufin ɗakin uwargida ya koma bayan damina, ita kuwa ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Kafin ya sake lodi, ya yi kwana biyu yana zirga-zirga tsakanin Jos da Bukuru da mota wayam, yana taka birki sannu-sannu don sabon takalmi ya zauna bisa sabon faifai. Ran da ya isa bakin Hawan Kibo da kaya, ya sa giya ta biyu tun daga sama, ya bar inji ya riƙe motar.