Kafin ramin gawayi ya rufe



Ran Laraba, cikin shirina na rediyo, wani dattijo ya bugo waya daga Cirozerin. Ya ce ya fi shekara 20 yana aikin gawayin ƙasa a Anu Araren. Tambayarsa ɗaya ce: in duniya ta bar gawayi, mu ina za mu?

Wallahi na rasa amsa.

Tsoronsa yana da dalili. Kuran ɗin da SONICHAR ke samarwa, kamfanonin iraniyom na Arlit ne suka kasance manyan masu sayensa. Cominak ta rufe a Maris 2021, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki. Ga kuma sola tana shigowa: Malbaza ta samu tasha mai megawat 7 a 2018, Gorou Banda mai 30 a 2023.

Jamus ta rufe ramin baƙin gawayinta na ƙarshe a 2018, amma ta yi shekaru tana shirya ma'aikata tukuna. Mu fa?

Wanda ya iya kuran da gyaran inji ai ya riga ya yi nisa. Formasiyon kan panno, batir da famfon sola na garake zai ishe shi. Amma a yi shi tun yana karɓar albashi, kuma kusa da iyalinsa. Tashar sola ba ta ɗaukar mutane da yawa in an gama gini. Aikin yana ƙauyuka, wajen girkawa da gyara.

Baba, in kana karantawa, sake bugo mana.